Tukunyar Irin Malam Hayatu

Tun da hantsi Rufaida ta san yau akwai magana a gidan, domin mahaifiyarta, Inna Baraka, ba ta fita bakin dam ɗin Tiga wajen suyar kifinta ba. Tana zaune a tsakar gida da kwandon tarwaɗa a gabanta, tana farke musu ciki kamar su ne suka ɓata mata rai.

"Zo nan ki zauna," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Rufaida ta durƙusa a gefen tabarma.

"Baffanki Mudi ya aiko. Malam Hayatu zai zo bayan la'asar, tun daga Ba'awa, kuma da kansa. Uban saurayi ya tako gidan yarinya ana shirin biki, kin dai san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba."

Rufaida ta ɗago da sauri. Malam Hayatu shi ne mahaifin Nazifi, saurayin da aka sa musu rana bayan kaka. Dattijo ne da ko kayan sa rana bai rako ba, ƙannensa ya turo.

"Inna, lafiya?"

"Ni kike tambaya lafiya? Cewa ya yi ki zaɓa. Ko ki bar karatun Zariya ki kama na Kano, ko a mayar musu da kayansu."

Maganar karatun nan ta daɗe tana yawo a gidan. Rufaida ta gama digirinta, ta yi bautar ƙasa, ta nemi na biyu a fannin da ake kira bayoteknoloji, wato ilimin leƙa cikin ƙwayar halitta a ga abin da Allah ya shirya a ciki, a kuma amfana da shi. Wuri biyu suka ɗauke ta. Na Kano Asabar da Lahadi ne kawai, kan gwaje-gwajen asibiti, tana ɗakin mijinta a nan Tiga sai ta hau mota ta je ta dawo. Na Zariya kuwa na tsirrai ne, kuma zama ake yi, kullum mutum yana tsakanin ɗakin gwaji da gona. Kowa a dangi ya zaɓa mata Kano tun ba a tambaye shi ba. Ita zuciyarta tana Zariya, Nazifi kuma ya sha rantse mata cewa shi zai riƙa bin ta can har ta gama. Ga shi a makon nan ake rufe rajista a duka biyun.

"Me ya haɗa Baba Malam da inda zan yi karatu?"

Inna ta yar da wuƙar cikin kwano.

"An ce kin sa ɗansa ya kwashe masa irin dawa, kin kai wa masu yi wa hatsi allura. Maganar ta cika Ba'awa, ta biyo mota har kasuwar Tiga. Jiya ina suya wata take tambayata, wai da gaske ne duk wanda ya ci tuwon irin da kuke haɗawa ba ya haihuwa. Ni, a gaban kaskona, a gaban masu saye."

"Wallahi Inna ba haka ba ne. Nazifi ne ya kawo min da hannunsa, ya ce Baba ne ya ce a ba ni."

"To sai ki je ki bi kasuwa rumfa-rumfa ki gaya musu." Muryar Inna ta fara rawa, amma faɗan bai ragu ba. "Ubanki ya rasu ya bar ni da ku. Da hayaƙin kaskon nan na kai ki inda kika kai, ban yi don a riƙa nuna ni da baki ba. Na Kanon ba karatu ba ne? Can ma ba farar rigar za ki sa ba?"

Rufaida ta tashi cikin haushi ta shige ɗaki ta ɗauki waya. Da Nazifi ya ɗaga ko sallamarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Ka zo yanzu."

Sai bayan azahar ya iso daga ofishin ruwa inda yake aiki, ya kafe babur ɗinsa a gindin darbejiyar ƙofar gida. Nazifi kyakkyawa ne, wannan ba mai ƙwace masa, ga sanyin hali da ke sa tsofaffi sa masa albarka tun kafin ya gama gaishe su. Wannan sanyin ne ya saye Rufaida tun farko. Yau kuwa da ta fito ta gan shi ya rusunar da kai yana wasa da makulli, ji ta yi kamar ta kama wuyan rigarsa ta girgiza shi.

"Baba ne ya ba ka dawar nan, ko kuwa?"

"Rufaida, ki bari mu gaisa mana."

"Tambayarka nake yi."

"Da na tambaye shi ba zai bayar ba."

Dawar da ake wannan rigima a kanta ba a sayar da ita a kowace kasuwa. 'Yar Hamma suke ce mata a gidan su Nazifi, da sunan kakan Malam Hayatu da ya zo da ita daga wajen Falgore. Nazifi ne da bakinsa ya taɓa ba Rufaida labari cikin hira, cewa wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse dawa tun daga saiwa, tana cinye gonakin maƙwabta ta bar tasu a tsaye. Tun ranar ta kasa sukuni. Ta ce ya samo mata ko cikin tafin hannu ne, in Baba ya yarda, sai ga shi da leda guda. Da ita ta tafi Zariya da rani. Malamar da za ta kula da aikinta ta ji bayani ta ba ta ɗan fili a gonar gwaji, aka niƙe wani kaso don bincike, sauran Rufaida ta shuka da hannunta ana yi masa ban ruwa.

"To ta yaya ka samo?" ta tambaya.

"Kin san yadda yake ajiyar iri. A tukunya, a cuɗe da toka saboda ƙwari, a liƙe bakin da laka, ba mai buɗewa sai an yi ruwan shuka. Na fasa lakar na juye, na ɗebo wata daga rumbu na cuɗa da toka na zuba, na sake liƙewa. Na ɗauka duk ɗaya ce."

"Ta rumbun ba 'Yar Hamma ba ce?"

"Ashe bara ambaliya ta ci gonar. Abin da ke rumbu a kasuwar Kwanar Dangora ya saya. 'Yan zangarniyar da ya tsira da su, su ne na tukunyar. Ni ina nan wajen aiki, ba wanda ya gaya min." Ya share goshi da hannun riga. "Da aka yi ruwa makon jiya ya fita gona da sungumi, ya fasa tukunya ya zuba a hannu. Zama ya yi a ƙasa, Rufaida. Ban taɓa ganin Baba haka ba."

Ta jingina da bangon zaure. Kenan abin da ke tsaye a ɗan filin nan na Zariya shi kaɗai ya rage. Ɗan manomi, jikan manoma, ya zauna yana kwaɓa laka don ya rufe ɓarna, ya taho yana murmushi ya miƙa mata abin da kakanninsa suka yi ta tattali, ita kuma sakarya har godiya ta ce ya kai wa Baba.

"Me ka gaya masa?"

"Na ce ke kika nema."

"Na nema in ya yarda. Ka gaya masa wannan?"

"Ban kai nan ba, ya riga ya hau."

"Ba ka kai nan ba." Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. "Mako guda kana kwana kana tashi, ba ka kai nan ba. Ana zagin uwata a gaban kaskonta, kai kana kan hanyar kaiwa."

"Don Allah ki saurare ni. Ki ɗauki na Kanon kawai. In an ɗaura, zuciyarsa ta huce, sai mu san abin yi."

"In ban yi rajista a Zariya ba, filin na wani ɗalibin ne, za a share shi ya shuka nasa. Wa zai zauna wa dawar? In ta fitar da kai sai an bi kowane ɗaya an rufe shi da takarda, don kada furen wata dawar ya sauka a kai ta gauraye. Kai za ka je ka yi? Ka san abin da kake roƙona? Ka kashe ta sau ɗaya a tukunya, yanzu kana so ni in ƙarasa ta a gona."

Nazifi ya ɗago, idanunsa sun yi ja. Kamar yadda marar gaskiya ya saba, da ya rasa ta cewa sai ya nemi inda zai jefa laifi.

"Ko dai don Saifullahi kike naci? An ce min ya yi alkawarin kai ki Zariya a motarsa."

Saifullahi dillalin iri da taki ne a Tudun Wada, ya nemi Rufaida kafin Nazifi, kuma har yau bai yarda ya sha ƙasa ba.

"Saifullahi ya zo, ƙwarai," ta ce, hawaye ya ɓalle mata, ba ta kuma share ba. "A nan inda kake tsaye ya tsaya. Ya ce in ba shi ko cikin cokali ne ya kai wa masu kamfanin da yake sarar iri a wajensu, shi kuma ya ɗauke min wahalar hanya. Na ce ya bar ƙofar gidanmu. Ban raba ɗaya biyu ba shi ne ya kai maganar allura Ba'awa don haushi. Na kore shi ne saboda na ɗauka amanar Baba ce a hannuna. Ashe kayan sata nake gadi."

"Rufaida…"

"Abu ɗaya nake so. An jima a gaban Baba ka buɗe baki ka faɗi yadda aka yi. Ba na neman ka yi faɗa da mahaifinka. Ka faɗa kawai."

"Zan faɗa," ya ce. "Wallahi zan faɗa."

Ana idar da la'asar Baffa Mudi, yayan mahaifinta kuma waliyyinta, ya shimfiɗa tabarma a zaure. Malam Hayatu ya iso a bayan babur ɗin haya, ya ƙi hawa na ɗansa. Dogo ne siriri, da farin gemu da hannaye irin na wanda bai taɓa ajiye fartanya ba. Aka kawo ruwa ya ce alhamdulillahi, bai taɓa kofin ba. Aka kira Rufaida ta shigo ta durƙusa can nesa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Baba, ina wuni. An zo lafiya?"

"Lafiya." Bai dube ta ba, Baffa Mudi yake kallo. "Malam Mudi, ba zan ja magana ba. Kakana ya ba ubana dawar nan, ubana ya ba ni. An yi shekarar da muka ci dusa a gidanmu, ba a taɓa ta tukunya ba. Bana gonata tana nan a share, ƙasa ta jiƙu, ba ni da abin zubawa. Yarinyar nan ban ƙi ta ba, ɗiyar mutunci ce. Amma ba zan kai gidana wadda ba zan iya barin tukunyar iri a gabanta in fita ba. In tana son zama da mu, ta bar wannan aiki na taɓa iri, ta yi na asibiti. In ba haka ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Baffa Mudi ya gyara zama. "Kin ji, Rufaida. Malam ya yi adalci, don wani ko zaɓin ba zai bayar ba."

Ta saci kallon Nazifi. Yana rakuɓe a bakin ƙofa, ya ƙura wa saƙar tabarma ido kamar yau ya fara ganin tabarma.

"Nazifi, kana da magana?" in ji Baffa.

"Babu, Baffa."

Rufaida ta gyara durƙusonta. Ba tarbiyyarta ba ce ta yi magana a gaban surukai, amma in ta yi shiru yanzu, da sunan ɓarauniya za ta shiga gidan, da shi kuma za ta tsufa.

"Baba, a gafarce ni. Na nema, ban musa ba. Amma cewa na yi sai da yardarka, kuma aka ce min ka yarda. Har godiya na aiko."

Sai a sannan Malam Hayatu ya juya ga ɗansa. "Haka ne?"

Daga bayan ƙofar cikin gida ana jin numfashin Inna Baraka.

"An daɗe, Baba," Nazifi ya ce a hankali. "Ban riƙe yadda muka yi ba."

Da ya ce ƙarya take yi, da ya fi mata sauƙi, don ko ba komai ta san da wanda take faɗa. Wannan kuwa ko ƙaryar ma bai iya tsayawa ya yi ba. Ta ji son da take yi masa yana nan daram bai je ko'ina ba, kuma shi ne ya fi komai ƙona mata rai.

Ta share fuska da gefen mayafi. "Baba, dawarka ba ta mutu ba. Tana Zariya, na shuka ta, tana nan a tsaye."

Hannun dattijon da ke kan carbi ya tsaya. "A tumɓuko min ita."

"Ta kai ƙirjina, Baba. Ka fi ni sanin dawa in ta kai haka ba ta dasuwa."

"An yi mata allurar?"

"Ba abin da aka yi mata sai ruwa da taki. Ni dubawa nake so in yi, in ga abin da ya sa wuta-wuta ba ta kama ta. Amma in na bar Zariya za a share filin, ba kuma wata a ko'ina."

"Bakinki ne kawai shaida." Ya ci gaba da jan carbi, fuskarsa ta sake ɗaurewa. "Abin da ya shiga wancan wuri ya fita daga hannuna. Na yi kukana na gama. Maganata tana nan yadda na faɗa."

"Ke Rufaida," Baffa Mudi ya ce da kakkausar murya, "kada ki kunyata mu a kan kara da ganye. Ki ba Malam haƙuri ki ce kin bi."

Ta san abin da ke gabanta sarai. Kalma ɗaya za ta faɗa, Inna ta koma kaskonta da kai a sama, a yi biki bayan kaka, ta zauna da mutumin da take so. A can kuma wani ya sa adda ya sare 'Yar Hamma, kuma duk shekarar da aka yi ruwan shuka a Ba'awa, ita za a kalla. Ta ƙara duban Nazifi, ta ba shi dama ta ƙarshe. Bai ɗago ba.

"Baffa, ka yafe min. Baba, ka yafe min. Zariya zan tafi."

Aka ji Inna ta saki salati a bayan ƙofa. Baffa Mudi ya buga tafin hannu a cinya ya kau da kai.

"In kaka ta yi zan kawo maka irinka da hannuna, Baba, ba aike ba. Ba don a fasa abin da ka yanke ba. Naka ne."

Malam Hayatu ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Malam Mudi, gobe ƙannena za su zo karɓar kaya."

Ya sa takalmi ya nufi ƙofa. Har ya sa ƙafa ɗaya a waje sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi," ya ce. "In ta fara ƙwaya kuma ki kula da tsuntsu. Sun fi son ta a kan kowace dawa."

Ya fita. Baffa Mudi ya bi shi yana ba da haƙuri.

Rufaida ta zauna dirshan a kan tabarma, kuka ya ci ƙarfinta. Haushin ya ma fi baƙin cikin yawa. Tsohon ya san gaskiya take faɗa, tun da ya dubi ɗansa ya sani. Ya yarda ya bar mata dawar kakansa a hannu, amma ya gwammace ya rushe auren da ya ce ɗansa ne ya fasa tukunya.

Nazifi ya matso, ya tsuguna a gabanta, shi ma idonsa ya cika.

"Ki yi haƙuri. In mun koma gida zan same shi shi kaɗai, zan gaya masa komai. Wallahi wannan karon zan faɗa."

Ta tashi ta gyara mayafinta, ta dube shi sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba.

"A nan aka ce min ɓarauniya, Nazifi. A nan ya kamata ka faɗa."

Ta shige cikin gida, ta wuce Inna da ke kuka a bakin ƙofa, ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.